Sana'ar Wanke Karnuka A Abuja: Aikin Da Ake Biyan Kuɗinsa Ba A Gan Shi Ba

PAIKON KORE, Abuja — Garin Paikon Kore yana cikin yankin Ƙaramar Hukumar Gwagwalada, kudu maso yamma da tsakiyar Babban Birnin Tarayya, kuma abin da aka fi saninsa da shi shi ne hurumin kiwo mai faɗin kimanin hekta 8,500. Shi ne ɗaya daga cikin hurumai huɗu da hukumar birnin ta keɓe wa makiyaya, sauran ukun kuwa su ne na Kawu da Karshi da Rubochi. Saboda haka in aka ambaci sunan garin, shanu da madara ne ke fara faɗo wa mutum a rai. Amma fa duk inda aka ga ruga, ko gonar doya, ko ayarin 'yan farauta, da wuya a rasa kare a kusa. Duk kuwa inda kare yake akwai kaska da ƙuma, akwai kuma wanda yake neman abincinsa ta hanyar raba karen da su.

Wannan aiki, wanda a ƙauye ba a ma ɗauke shi sana'a ba, a cikin birnin Abuja ya zama ciniki mai shago da allon talla. A unguwanni irin su Maitama da Asokoro da Wuse da Gwarinpa akwai wuraren da ake kai kare a yi masa wanka, a taje gashinsa ko a rage, a yanke masa ƙumba, a goge masa kunne, a kuma yi masa maganin kaska. Waɗansu suna haɗe da asibitin dabbobi, waɗansu masu zaman kansu ne, waɗansu kuma ba su da shago sam, sai lambar waya da shafi a Instagram, su zo har gida da kayan aikinsu a jaka. Abin da ya kawo kasuwar ba ɓoyayye ba ne. Masu hali sun koma riƙon karnukan ƙasashen waje domin tsaron gida ko domin sha'awa, irin su Alseshan da Kokeshiyan da Lasa, waɗanda gashinsu na ƙasar sanyi ne, in ba a kula da shi ba sai ya cukurkuɗe ya zama maɓoyar ƙwari. A can gefen birni kuwa, daga Gwagwalada zuwa Paikon Kore da Dobi, aikin yana hannun mai tallar maganin dabbobi na ranar kasuwa, ko maigadi, ko yaron gida da aka miƙa wa kwalba da bokiti.

Sananne ne cewa ba kowane ɗan kasuwa Bahaushe ne zai so ya haɗa jarinsa da kare ba, ko da yake malamai sun daɗe da bayyana cewa an yarda a riƙe shi domin kiwo da farauta da tsaron gona. To amma 'yan kasuwarmu sun riga sun shiga harkar ta ƙofar baya. Su ne masu shigo da magani da sabulun wankan, su ne masu ba da hayar shago, su ne kuma masu ɗakunan ajiya a Zuba da Dei-Dei da ake tsare su da karnuka. Yaron da ke riƙe da sarƙar karen kuwa, sau da yawa ɗan Arewa ne da ya zo ci-rani. In abu ya ɓaci, hasarar tana faɗa wa ɗaya daga cikin waɗannan.

Cinikin biri a sama

Masana tattalin arziki sun kasa abin sayarwa gida uku. Akwai wanda ake gane ingancinsa kafin a biya, kamar turmin atamfa ko buhun masara da aka soka wa bututu. Akwai wanda sai an yi amfani da shi, kamar tayar mota. Akwai kuma wanda ko bayan an biya an tafi, mai saye ba zai iya tabbatar da abin da aka yi masa ba, kamar gyaran injin mota ko maganin da aka ba mara lafiya. Wannan kashi na uku shi ne Michael Darby da Edi Karni suka yi wa bayani a shekarar 1973, kuma wankan kare yana cikinsa tsundum.

Wanda ya je wurin wanzami yana zaune ake yi masa aski, in aska ta karce shi zai yi magana nan take. Mai kare kuwa a bakin ƙofa yake miƙa dabbarsa, ya dawo bayan awa biyu ko uku ya tarar da ita tana ƙamshi. Bai ga wane magani aka zuba a ruwan ba, bai ga ma'aunin ba, bai san ko an ɗaure ta a rana ba, ko an yi mata allurar sa barci don ta daina gardama. Shaidar da ta ga kome kuma ba ta iya magana.

Abin da kan faru da kasuwa irin wannan, George Akerlof ya bayyana shi a shekarar 1970 da misalin motocin kwance, aikin da ya sa ya sami rabon kyautar Nobel a 2001. Idan mai saye ba zai iya rarrabe mai kyau da mara kyau ba, ba zai yarda ya biya kuɗin mai kyau ba, sai ya tsaya a kan tsaka-tsakin farashi. A wannan farashi mai aikin ƙwarai ba ya mayar da kuɗinsa, sai ya bar sana'ar ko shi ma ya rage inganci, har kasuwa ta koma hannun masu ha'inci. A Nijeriya matsin ya ƙaru tun daga 2023, lokacin da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu, aka kuma sakar wa Naira mara a watan Yuni. Dala da ake samu a wajen Naira 460 a farashin hukuma ta haura Naira 1,500 a cikin 2024. Sabulun wankan kare da ƙwayar kashe kaska mafi yawansu daga waje ake kawo su, famfon ruwa da injin busar da gashi kuma suna cin wuta ko mai. Mai shagon da kuɗin kayansa ya ninka, abokan cinikinsa kuma suka ƙi ƙarin farashi, yana da hanya guda mai sauƙi ta rage kashe kuɗi ba tare da kowa ya lura ba, watau ya canja abin da ke cikin bokiti.

Abin da ke cikin bokiti

A nan ne birni da ƙauye suka haɗu, domin kwalbar da makiyayi ke saye a kasuwar Paikon Kore don fesa wa shanu, irinta ce kan ƙare a bayan shagon wankan kare. Maganin kaska da ya fi yawo shi ne amitaraz, sai sifametirin, sai dangin gubar nan ta fesa gona irin su dayazinon. Dukansu ana sayar da su da kauri, sai an tsarma su da ruwa ninki ɗaruruwa. Alal misali amitaraz mai ƙarfin kashi 12.5 cikin 100, abin da aka saba rubutawa a jikin kwalba don shanu shi ne lita 1 cikin lita 500 na ruwa, watau mililita 2 kacal a kowace lita. Wanda yake awo da murfin kwalba, ko da ido, yana iya ninka wannan sau biyar bai sani ba. Da yawa ma da gangan suke ƙarawa, bisa tunanin cewa in ruwan ya yi fari sosai kaska za ta fi saurin zuba.

Sa mai nauyin kilo 300 yana iya jure kuskuren da zai kashe kare mai kilo 10. Ban da haka kare yana lasar jikinsa, saboda haka abin da aka shafa masa a fata yana shiga cikinsa. Akwai kuma dabbobin da maganin bai dace da su ba ko da an auna daidai. Amitaraz yana da haɗari ga doki da kyanwa da ƙananan 'yan kwikwiyo, dangin sifametirin kuma, musamman wanda ake kira fametirin, suna kashe kyanwa. Gidan da ake da kare da kyanwa wuri ɗaya yana iya rasa kyanwar alhali karen aka yi wa wanka.

Mafi muni shi ne amfani da fiya-fiya, ko maganin ƙwari mai sinadarin dikulobos, wanda ba a yi shi domin jikin dabbar gida ba. 'Yan kasuwar hatsi sun san wannan sinadari sarai, domin shi ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a shekarar 2015. A 2019 kuma Hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa, irin su Sniper, a kasuwanni da kantunan kayan masarufi. Duk da haka arahar sa ta sa bai ɓace daga hannun masu wanke karnuka na tsallaken titi ba.

Dalilin da ya sa faɗin sunan magani ya wuce batun ladabin ciniki shi ne, alamun guba ba lalle su bayyana a shago ba. Kare kan koma gida lafiya lau, bayan 'yan awowi ya fara kasala da tangaɗi, in amitaraz ne, ko kuma dalala da rawar jiki da amai da gudawa, in dangin dayazinon ne ko dikulobos. Likitan dabbobi yana da makarin kowanne, amma makarin ba ɗaya ba ne. Allurar atirofin ita ce ta dangin dayazinon, ta amitaraz kuwa dabam ce. Likitan da aka kawo wa kare da tsakar dare, mai shi bai san abin da aka zuba masa ba, mai wankan kuma ya kashe wayarsa, tilas ya yi aiki da kirdado. Rubuta sunan magani da ma'auninsa a bayan rasit ba ya cin minti guda, amma yana iya zama bambanci tsakanin kare mai rai da gawa.

Zafi da igiya

Haɗari na biyu zafi ne. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa. Zafin jikinsa na lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39, in ya haura 41 hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa sun shiga haɗari. A Gwagwalada, inda zafin Maris da Afrilu kan kusanci digiri 40, karen da aka kulle a keji cikin ɗaki mara iska bayan an ɗauke wuta, ko aka bar shi a bayan mota ana jiran mai shi, ba ya bukatar dogon lokaci kafin ya faɗi. In aka ƙara da injin busar da gashi mai hura iska mai zafi, ga kuma takunkumi ya matse bakin da zai yi haki da shi, to an haɗa masa kome. Karnuka masu gajeren hanci, irin su Buldog, su suka fi saurin galabaita. Sai kuma igiyar da ake rataya wa kare a wuya a kan tebur: in ma'aikaci ya juya baya don amsa waya, karen ya yi tsalle, igiyar ce za ta shaƙe shi.

Wannan ba matsalar ƙasashe masu tasowa kaɗai ba ce. A watan Satumba na 2018 kafar labarai ta NJ.com a Amurka ta buga wani bincike da ya ƙirga karnuka 47 da suka mutu a lokacin gyaran gashi ko jim kaɗan bayansa a shagunan kamfanin PetSmart, cikin jihohi 14, tun daga 2008. Ashirin daga cikinsu masu gajeren hanci ne. Binciken bai tabbatar da cewa gyaran ne ya kashe kowane ɗaya ba, kamfanin kuma ya musanta cewa akwai wata matsala a tsarinsa. Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne irin matakin da kamfanin ya ce zai ɗauka don riƙe abokan cinikinsa: sa kyamara a ɗakunan gyaran gashi, da barin masu karnuka su shiga su ga wurin. Kamfani mai shaguna fiye da 1,000 ya gano cewa rantsuwa ba ta isa ba, gani ya kori ji.

Haukan kare da yaron shago

A Nijeriya akwai haɗarin da ya fi waɗannan duka, kuma ba kare yake ci ba, mutum yake ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan dukansu ta hanyar cizon kare ko karcinsa. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin kawar da cutar na shekarun 2022 zuwa 2026, daidai da burin duniya na kawo ƙarshen mutuwar mutane ta wannan hanya a 2030. Masana sun ce sai an yi wa aƙalla kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura kafin a katse yaɗuwar cutar. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, a Jihar Filato, tana yin allurar a cikin gida.

Babu wanda ya fi mai wankan kare kusa da haƙorin kare. Yana sa hannu a kunnensa da bakinsa da ƙafafunsa, a daidai lokacin da dabbar ke cikin tsoro. Kare kuma yana iya ɗauke da ƙwayar cutar a yawunsa 'yan kwanaki kafin ya nuna alama. Saboda haka shagon da ke karɓar kare ba tare da ganin katin allura mai sa hannun likita ba, caca yake yi da ran yaronsa. Ana fara yi wa ɗan kwikwiyo allurar ne yana wata uku, kuma abin da aka saba a nan shi ne a maimaita kowace shekara, don haka kwanan watan da ke jikin katin shi ne abin dubawa, ba katin kansa ba.

Akwai allurar rigakafi ta mutane da ake yi wa masu aiki da dabbobi tun kafin cizo, kuma bisa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2018 zuwa biyu ne, a ranar farko da kuma bayan kwana bakwai. In cizo ya auku, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti a ranar, karen kuma a tsare shi kwana 10 ana lura da shi. Abin takaici, a ƙananan wurare yaron da kare ya ciza yakan ɓoye ne don kada a kore shi, mai shagon kuma yakan yi shiru don kada ya ɓata da abokin ciniki. Alhali Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata biyan kashi 1 cikin 100 na albashinsu ga Asusun NSITF, domin irin wannan rana.

Tsakanin kare da kare ma akwai abin ɗauka. Cutar fabo, mai sa 'yan kwikwiyo amai da gudawar jini, ƙwayarta tana iya yin watanni a daɓe da keji, sabulu kuma ba ya kashe ta sai ruwan bilic. Tawul ɗaya da mataji ɗaya ga karnuka goma hanya ce ta raba ƙazwa da makero.

Ina doka ta tsaya?

Babu wata takardar shaidar ƙwarewa da ake nema kafin mutum ya fara wanke karnuka don kuɗi. Wanda ya yi rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni, ya kama shago, ya gama. Nijeriya ba ita kaɗai ba ce a nan: a Ingila ma dokar 2018 da ta wajabta lasisi ga masu kiwon karnuka na sayarwa da masu karɓar ajiyarsu ba ta haɗa da masu gyaran gashi ba. Sai dai rashin lasisi na musamman bai nufin rashin doka.

Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya, wadda ke aiki a ƙarƙashin dokar 1969, ita ke rajistar likitoci da wuraren aikinsu, kuma gano cuta da yi wa dabba allurar sa barci aikin likita ne, ba na mai almakashi ba. Shagon da ke yin haka ba likita a wurin ya tsallake iyakarsa. Maganin dabbobi da na ƙwari kuma sai da rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, don haka duk kwalbar da babu lambarta a jiki ta haramtacciyar hanya ta shigo. Dokar Hana Yaɗuwar Cututtukan Dabbobi ta 2022, wadda ta maye gurbin dokar soja ta 1988, ita ce ta shafi cututtuka irin haukan kare. Dokar Final Kod da ake aiki da ita a Abuja ma ta hukunta azabtar da dabbar gida.

Wadda ta fi shafar aljihu ita ce Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta kuma kafa Hukumar FCCPC. Ta ba mai saye haƙƙin a bayyana masa farashi, a yi masa bayani da harshen da zai gane, a ba shi shaidar ciniki a rubuce, a kuma mayar masa da dukiyar da ya damƙa domin a yi mata aiki ba tare da ta lalace ba. Kare dukiya ne a idon doka, wani ma kuɗinsa ya fi na ɗan maraƙi. Allon nan da akan liƙa a bango cewa shago ba ya ɗaukar alhakin kome, ba ya wanke mai shago daga sakaci mai tsanani. To amma a gaban hukuma ko kotu hujja ake nema, kuma a nan ne ɓangarorin biyu kan tarar hannunsu babu kome. Mai kare ba shi da shaidar cewa lafiyayye ya kawo, mai shago ba shi da shaidar cewa da ciwonsa ya zo. Rashin rubutu ba mai saye kaɗai yake cuta ba, domin mai shagon kirki ma yana iya biyan diyyar tsohon karen da ciwon zuciya ya kashe a kan teburinsa.

Darasi daga cibiyar madara

Maganin wannan irin rashin yarda ba sai an je Amurka nemansa ba, yana nan a Paikon Kore, a wata sana'ar dabam. A shekarar 2021 aka buɗe cibiyar tattara madara da sanyaya ta a hurumin kiwon, bisa haɗin gwiwar kamfanin Nestlé da hukumar Babban Birnin Tarayya, ana karɓar madara daga ƙungiyoyin gama-kai na makiyaya. Ita ma madara abu ce da ido ba ya iya tantance ta: an ƙara ruwa ko ba a ƙara ba, ta fara juyawa ko ba ta fara ba, saniyar tana kan magani ko ta gama kwanakin jiran da aka rubuta a kwalba. Tsarin irin wannan cibiya a ko'ina ɗaya ne. Ana gwada madarar a wurin karɓa, a auna, a rubuta yawan lita da sunan mai kawowa, a biya bisa abin da aka rubuta. Wanda aka mayar wa da madararsa ya san dalili. Ba sai kamfani ya san halin kowane makiyayi ba, ba kuma sai makiyayi ya dogara da alherin magatakarda ba, domin ma'auni da littafi sun tsaya a tsakaninsu.

Wannan shi ne abin da shagon wankan kare ya rasa, kuma mafi yawansa ba mai tsada ba ne. Kafin a karɓi kare, a duba shi a gaban mai shi, fata da kunne da ido da numfashi, a rubuta abin da aka gani tare da shekarunsa da nauyinsa da kwanan watan allurarsa, mai shi ya sa hannu. Hoto biyu a waya, na shigowa da na fita, sun isa raba gardama mai yawa. A nuna masa kwalbar maganin da za a yi amfani da ita, da lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinta. A liƙa farashi a bango bisa girman kare da yanayin gashinsa, domin ƙarin kuɗin da akan ɓullo da shi bayan an gama aiki yana cikin abin da ya fi haddasa rigima. A kuma yi yarjejeniya da wani likita na kusa tun kafin rana ta ɓaci. Masu aiki a yankin Gwagwalada suna da sa'a a nan, domin asibitin koyarwa na likitocin dabbobi na Jami'ar Abuja yana cikin garin.

Batun kyamara yana bukatar lissafi. Tana da amfani, amma tana son wuta ba yankewa, kuma tun da aka kai kuɗin wutar masu rukunin farko Naira 225 a kowane yunit a watan Afrilu na 2024, ƙaramin shago zai auna sau biyu. Kyamarar da mai shago kaɗai ke iya kallon abin da ta ɗauka, ya kuma goge in ya ga dama, ado ce kawai. Rabin bango, ko tagar gilashi tsakanin wurin jira da wurin aiki, sau ɗaya ake biyan kuɗinsu. Masu sana'ar kan ce kare ya fi gardama in yana hangen maigidansa, kuma akwai gaskiya a ciki, amma benci a inda mai kare ke gani karen ba ya ganinsa ya warware wannan.

Akwai hasarar da mai bin wannan tsari zai yi, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Zai mayar da abokin cinikin da ba shi da katin allura, wannan kuma zai tafi shagon gaba a karɓe shi. Zai wanke karnuka kaɗan a rana, tun da ba ya barin ɗaya a ɗaure ya kama wani. Farashinsa zai ɗara na maƙwabcinsa. Abin da zai samu a madadin haka shi ne manyan abokan ciniki masu biya wata-wata, watau kamfanonin tsaro da ofisoshin jakadanci da masu rukunin gidaje, waɗanda ba sa ba da kwangila sai sun ga takarda. Zai yiwu kuma masu sana'ar su haɗu su kafa wa kansu ƙa'ida, su nemi Majalisar Likitocin Dabbobi ko Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi, wadda aka ƙirƙiro a watan Yuli na 2024, ta amince da ita, maimakon su jira ranar da mutuwar karen wani babba za ta jawo musu dokar da aka rubuta cikin fushi.

Inda gyaran ya fi wuya shi ne wajen masu zuwa gida da masu tallar ranar kasuwa. Mai zuwa gida a gaban mai kare yake aiki, wannan alheri ne, amma sau da yawa ruwan maganinsa a gorar ruwan sha yake, ba suna ba lamba, kuma in ya fita ba shi da adireshi. Mai talla kuma ɗura yake yi daga babbar kwalba zuwa ƙanana, saboda makiyayi ko ɗan farauta mai kare biyu ba ya bukatar lita guda, ba shi ma da kuɗinta. A wannan ɗurin ne sunan magani da ma'auninsa da ranar ƙarewarsa suke ɓacewa gaba ɗaya. Ƙungiyoyin gama-kai da harkar madara ta riga ta haɗa a Paikon Kore za su iya sayen kwalba rufaffiya da sunan ƙungiya, ta zauna a hannun mutum ɗaya da malamin dabbobi ya koya wa awo, a riƙa haɗa wa shanu nasu, karnuka nasu, a ranar da za a yi amfani da shi, ba a bar ragowa ta kwana ba. Abin awon da ake bukata sirinji ne mai mililita 5, irin wanda ake samu a kowane kemis na Gwagwalada.